Tayil ɗin gini mai maganaɗisu da fitila: wasan ya yi, ƙirar ba ta yi ba

Kwalin da zan yi magana a kansa shi ne irin wanda ya cika shagunan intanet yanzu: tayil-tayil na roba masu launi, murabba'i da alwatika, guda ɗari a kwali, kowanne da ƙananan maganaɗisu a gefunansa don su riƙa manne wa juna, sai wasu guda huɗu masu 'yar fitila a ciki, da 'yan mutum-mutumi biyu. An rubuta a jiki cewa na 'yan shekara uku zuwa sama ne. Ɗana mai shekara biyar na saya wa, kuma akwai ƙanwarsa a gidan da ba ta daɗe da fara rarrafe ba. Ra'ayina a taƙaice shi ne, wasan kansa yana da kyau ƙwarai, amma wannan samfurin da ya zo hannuna bai cancanci shiga gidan da akwai yaro ba. Ya fashe, wannan laifi ne babba. Amma abin da ya fi damuna shi ne duk faɗin kwalin babu sunan wanda ya ƙera shi.

Sana'ata gyaran waya ce. Wuni nake ina buɗe ƙananan abubuwa ina rufewa, don haka idona ya saba zuwa kan haɗi kafin ya je kan launi. Da wannan idon na duba kayan, kuma da shi zan faɗi abin da na gani.

Sai dai in fara ba shi haƙƙinsa. Ban taɓa ganin abin wasan da ya zaunar da yaron nan wuri guda kamar wannan ba. Da farko shimfiɗa su kawai yake yi a ƙasa yana jera launi. Daga baya ya gano cewa in ya shimfiɗa shida a wani tsari ya ɗaga ta tsakiya, sai su tashi su rufe kansu su zama akwati. Ranar da ya gane alwatika biyu suna ba da murabba'i ɗaya, da gudu ya zo yana cewa, "Baba, duba, iri ɗaya ne!" Babu wanda ya koya masa. Ya gina garejin motocinsa, ya gina hasumiya har ta kai masa ƙirji, ta rushe, ya gane da kansa cewa sai gindin ya fi kan faɗi. Robar tana da haske, in rana ta bugo ta taga sai launin ya zuba a ƙasa. Ƙarfin mannewar ma daidai yake da hannun yaro, ba ya wahalar rabawa kuma gini ba ya zubewa da ɗan taɓi. Duk wanda ya ƙirƙiro wannan wasa tun asali ya san yara. Shi ya sa nake jin zafin abin, domin kyan ɗan maciji ne da wannan kwafin.

Kowane tayil fuska biyu ne na roba aka haɗa, maganaɗisu na kwance a 'yan ramuka tsakaninsu, biyu a kowane gefe, wato takwas ke nan a murabba'i ɗaya. Rayuwar yaro ta rataya ne a kan abin da ya riƙe fuskokin nan biyu. A samfura masu inganci, na'ura ce ke narka bakin robar ta haɗe su su zama abu ɗaya, sannan wasu kamfanoni su ƙara ƙusar ƙarfe a kowace kusurwa, su kuma sa wasu layuka na ƙarfafawa a ciki don kada robar ta lotsa in an taka. Nawa ba shi da ƙusa ko ɗaya. In ka ɗaga shi ka kalli haske za ka ga sawun gam a ɗige-ɗige, wani wuri ya kama, wani wuri fayau. Na bi bakin haɗin da farce, a wasu tayil ɗin farcen yana shiga. In ka murɗa shi kaɗan da hannu biyu za ka ji wata 'yar ƙara, irin ta bayan wayar da gam ɗinta ya saki. Duk mai gyara ya san wannan ƙarar.

Bai yi wata biyu a gidan ba, wata rana da yamma uwargida ta kira ni. "Baban yara, zo ka ga wannan." Wani koren murabba'i ne a hannunta, kusurwarsa ta buɗe. Yaron ya ce daga kan kujera ya faɗo, kuma na yarda da shi, don babu alamar taku ko cizo a jiki. Na ƙirga ramukan, biyu babu komai a ciki. Ɗaya maganaɗisun muka same shi nan take manne da makullin da ke kan tebur. Ɗan sandan ƙarfe ne mai sheƙi, tsawonsa bai kai santimita ɗaya ba. Ɗayan kuwa ba mu gan shi ba, ga yarinya zaune a tsakiyar ɗakin, kuma komai ta samu baki take kaiwa.

Akwai wani babban maganaɗisu da nake tsintar sukurun waya da shi in ya faɗi ƙasa. Na ɗauko shi na bi ɗakin lungu-lungu, ƙarƙashin kujeru, gefen darduma, bayan labule, bai kama komai ba sai allura da ƙananan ƙusoshi. Yarinya lafiyarta ƙalau, tana wasa tana dariya. Duk da haka muka ɗauke ta sai asibiti, na tafi da ɗan'uwan maganaɗisun a leda don likita ta ga girmansa. Ba ta ɓata lokaci ba ta tura mu ɗaukar hoton ciki, kuma alhamdulillahi babu komai. Daga baya aka tsinci abin manne a ƙasan ƙofar firji, inda ido ba ya kaiwa.

Wasu da na ba labari sun ce mun yi gaggawa, ai yara na haɗiye tsakuwa da maɓalli su fita da kansu. Maganaɗisu daban yake, kuma a nan nake so mai karatu ya tsaya. Wannan ba irin baƙin nan mai rauni ba ne da muka sani a da. Na neodimiyam ne, wanda aka samar a shekarun 1980, irin wanda ke cikin sifikar waya. Na sha ganin biyu sun kama juna ta cikin yatsana. In yaro ya haɗiye guda ɗaya tak, sau da yawa yana wucewa. In ya haɗiye biyu, musamman a lokuta daban-daban, ko ɗaya tare da wani ɗan ƙarfe, kowanne zai bi hanji ya tsaya a nasa lanƙwasar. Hanji kuwa a naɗe yake, sashe na kwance kan sashe. Sai su jawo juna ta cikin bangon hanjin su matse naman da ke tsakani. Jini ya daina zuwa wurin, naman ya mutu, ya huje, abin da ke cikin hanji ya zuba cikin ciki, ko kuma hanjin ya murɗe ya toshe. Mugun abin shi ne alamun farko ba su da bambanci da ciwon cikin yau da kullum: amai, ciwon ciki, ɗan zazzaɓi, ƙin cin abinci. Iyaye sai su yi ta ba da magani a gida kwana da kwanaki. Ko a hoto ma, biyu da suka manne suna iya fitowa kamar guda ɗaya, shi ya sa yake da muhimmanci a gaya wa likita ƙarara cewa maganaɗisu ake zargi, kuma nawa ne suka ɓace. Dole kuma ma'aikatan su sani kafin a kusanci na'urar MRI mai ɗaukar hoton cikin jiki, domin ita kanta ƙaton maganaɗisu ce.

Wannan ba sabon haɗari ba ne da za a ce masu ƙira ba su sani ba. A ƙarshen 2005 wani yaro da bai cika shekara biyu ba ya rasu a jihar Washington ta Amurka bayan ya haɗiye maganaɗisun da suka zubo daga kayan wasan gini mai suna Magnetix, wanda aka saya wa yayansa. A watan Maris na 2006 hukumar kare lafiyar masu sayen kaya ta Amurka, CPSC, ta sanar da janye kwali miliyan 3.8 na kayan daga kasuwa, aka kuma faɗaɗa janyewar a 2007 da aka ci gaba da samun yaran da sai da aka yi musu tiyatar hanji. A 2009 kamfanin Mega Brands, mai kayan Magnetix, ya amince ya biya tarar dala miliyan 1.1 a kan zargin rashin ba hukuma cikakken bayani a kan lokaci. A lura da yadda abin ya faru: kayan na babban yaro ne, wanda ya mutu ƙarami ne. Rubutun "shekara uku zuwa sama" yana magana ne da wanda aka saya wa, ba ya hana ƙanwa rarrafowa.

A watan Agustan 2007 kuma Mattel, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin kayan wasa na duniya, ya janye kaya masu maganaɗisu sama da miliyan 18 a faɗin duniya, ciki har da 'yar tsanar Polly Pocket, saboda matsala iri ɗaya. Saboda irin waɗannan abubuwa ne aka shigar da sharuɗɗan maganaɗisu cikin ƙa'idojin kayan wasa, ASTM F963 a Amurka da EN 71 a Turai. Ƙa'idar a sauƙaƙe ita ce: maganaɗisun da ya yi ƙanƙantar da za a iya haɗiye shi, kuma ƙarfinsa ya wuce wani mizani, bai halatta ya kasance a sake cikin abin wasan yaro ba, kuma bai halatta ya fito ba ko bayan an gwada kayan da jifa da ja da murɗa. A gwajin Turai ana sakin abin wasa daga tsayin santimita 85 a kan farantin ƙarfe har sau biyar. Kujerarmu ba ta kai wannan tsayin ba.

Bari in ɗan ratse, don na san wani zai ce ai kayan Sin ne, me ake tsammani. Ban yarda da wannan ba. Yawancin kayan wasan duniya a can ake yin su, masu kyau da marasa kyau, haka ma wayoyin da nake gyarawa. A waccan shekarar ta 2007 wani babban jami'in Mattel ya fito ya nemi afuwar ƙasar Sin, ya amsa cewa mafi yawan kayan da aka janye kuskuren zanen kamfanin ne, ba na masana'antun da suka ƙera ba. Masana'anta tana yin abin da aka biya ta ta yi ne. Wanda ya ba da oda ya ce a cire ƙusa a rage gam, shi ne mai laifin, ko a wace ƙasa yake zaune.

Bayan abin da ya faru sai na zauna na bi sauran kayan kwalin ɗaya bayan ɗaya, kuma tayil masu fitilar nan sun fi tayar mini da hankali. Kowanne na ɗauke da batirin agogo guda uku, LR44, a bayan wani ɗan murfi. Akwai ramin sukuru a murfin, an ƙera wurin, amma ba a sa sukurun ba a ko ɗaya daga cikin huɗun. Da babban yatsa na ture murfin ya fita, batiran suka zubo a tafin hannuna. Ƙa'idojin kayan wasa sun daɗe da cewa murfin irin wannan ƙaramin batir kada ya samu buɗuwa sai da sukundireba ko wani kayan aiki. Sukuru huɗu ne kacal aka yi wa rowa a nan.

Mutane da yawa suna zaton haɗarin batir shi ne ya fashe a ciki ruwansa ya zuba. Ba sai ya fashe ba. In ya maƙale a maƙoshi, yawu da danshin wurin su ne ke haɗa masa layi, wuta ta fara gudana, ta raba ruwan jiki ta samar da sinadari mai cin nama irin na soda. Cikin awa biyu yana iya yin mummunar ƙuna. Ko bayan an ciro shi raunin na iya ci gaba da zurfi har ya kai babbar jijiyar jini bayan kwanaki ko makonni. Wanda ya fi kisa shi ne faffaɗan nan na litiyam mai faɗin milimita 20, irin CR2032 mai bolt 3, don shi ne daidai maƙalewa a maƙoshin ƙaramin yaro. LR44 ya fi ƙanƙanta, bolt ɗinsa 1.5, amma shi ma yana maƙalewa a jariri, kuma shi ne yara ke cusawa a hanci ko kunne ya ƙone wurin. Batirin da ya daina kunna fitila ma bai mutu ba; na sha ɗora irinsa a mita in ga da sauran wuta a jiki. A Amurka, Dokar Reese da aka sa wa hannu a Agustan 2022 ta wajabta murfi mai wuyar buɗewa ga sauran kayan gida masu irin wannan batir, kuma sunan wata yarinya 'yar wata 18 aka sa mata, wadda ta rasu a 2020 bayan ta haɗiye batirin rimot. Ostireliya ma ta fara aiki da irin wannan doka a 2022.

Wanda ya yi zargin yaro ya haɗiye batir, asibiti nan take, kada a sa shi amai, kada a jira alama. Cibiyar kula da guba ta birnin Washington tana ba da shawarar cewa in yaron ya haura shekara ɗaya, yana iya haɗiya, kuma abin bai wuce awa 12 ba, a riƙa ba shi zuma mililita 10 duk minti 10, har sau shida, a kan hanyar zuwa asibiti, don tana rage saurin ƙunar. Ba magani ba ce, kuma ba a tsayawa nemanta in babu a kusa. Jariri ɗan ƙasa da shekara ɗaya kuwa ba a ba shi zuma sam.

'Yan mutum-mutumin biyu ba zan daɗe a kansu ba. Fentinsu na kankaruwa da farce, kan ɗaya kuma yana cirewa. Tun bayan badaƙalar fenti mai dalma ta 2007, wadda ta shafi jiragen ƙasan wasa na katako masu suna Thomas miliyan 1.5 da kayan wasan kamfanin Fisher-Price kusan miliyan ɗaya a Amurka, doka a can ta taƙaita dalma a fentin kayan yara zuwa kashi 90 cikin miliyan. Ido ba ya gane fenti mai dalma, sunan kamfani da takardar gwajinsa su ne kaɗai madogarar mai saye. Kan da ke cirewa kuwa ya faɗa cikin abin da ake kira ƙananan sassa. Masu gwaji suna da wani ɗan bututu mai faɗin milimita 31.7, kwatankwacin maƙogwaron ƙaramin yaro. Duk abin da ya shige ciki gaba ɗaya bai dace da ɗan ƙasa da shekara uku ba. A gida ana iya gwadawa da kwalin tsakiyar takardar bayan gida, wanda ya ɗan fi shi faɗi.

Yanzu ga kwalin kansa. Na juya shi ta kowace fuska. Akwai hotunan yara suna murmushi, akwai alamar CE ƙatuwa, akwai kalmomin yabo. Babu sunan kamfani, babu adireshi, babu lambar samfur, babu lambar rukunin da aka ƙera shi a ciki, babu kwanan wata. A jikin tayil ɗin ma babu ko harafi ɗaya. Alamar CE da mutane ke gani su natsu, a mafi yawan kayan wasa mai ƙira ne da kansa yake bugawa, yana shaida cewa ya bi ƙa'idojin Turai kuma yana da takardun da zai nuna in an tambaya. Amfaninta yana tare da sunan wanda ya yi shaidar. Dokar kayan wasa ta Tarayyar Turai ta 2009 ta ce dole a sa suna da adireshin mai ƙira da lambar da za a gane kayan da ita. Dokar Amurka ta 2008 ma ta wajabta irin wannan tambari na bin sawu a kan kayan yara. In aka ga CE babu suna a gefenta, to tawada ce kawai.

Dalilin da ya sa na ɗauki wannan a matsayin laifi mafi girma shi ne yadda janye kaya yake aiki. Kowane kamfani na iya yin kuskure, manyan ma sun yi kamar yadda na ambata. Abin da ke ceton sauran yara shi ne in kaya ya cutar da yaro ɗaya, a kai rahoto, hukuma ta nemi kamfanin, a gano rukunin da abin ya shafa, a fitar da sanarwa mai hoto da lamba, iyaye su duba nasu su gane. Kowane mataki a nan yana buƙatar suna. Kayan da ba shi da suna, in ya huda hanjin yaro a wata ƙasa, labarin ba zai taɓa isowa gidana ba, ko da daga injin guda tayil ɗinmu suka fito. Ni ma abin da ya faru a ɗakina ba shi da hanyar isa ga wasu iyayen. Hukumar CPSC kanta takan fitar da gargaɗi ita kaɗai a kan irin waɗannan kaya, ta ce ta nemi mai sayarwa ya janye bai amsa ba, don haka wanda ke da shi ya daina amfani ya zubar.

Ko da sunan ma, janyewa ba ta isa kowane gida. Gadon jarirai mai lilo na Fisher-Price, Rock 'n Play, an janye guda miliyan 4.7 a Afrilun 2019 bayan rahoton mutuwar jarirai sama da 30. A Janairun 2023 sai da aka sake maimaita sanarwar, adadin da aka ruwaito ya kai kusan 100, kuma aƙalla takwas daga ciki bayan janyewar farko suka faru. Kaya na wucewa daga hannu zuwa hannu, a ba 'yar'uwa, a sayar a gwanjo, kwalin ya ɓace, sanarwa ba ta bi shi ba. In haka ta faru da kayan da duniya ta san sunansa, sai a auna wanda ba shi da suna tun daga masana'anta.

Yadda mai sayarwa ya karɓi ƙorafina shi ma wani ɓangare ne na wannan sharhi. Na tura masa hotuna ta manhajar shagon: tayil ɗin da ya buɗe, maganaɗisun a kan ma'auni, murfin batir babu sukuru. Na yi masa tambaya uku, wane ne ya ƙera, ina takardar gwaji, kuma zai sanar da sauran waɗanda suka saya? Amsa ta zo da wuri kuma cikin ladabi, wannan kam ba zan hana shi ba. Ya ba da haƙuri, ya ce zai aiko mini da sabon kwali kyauta, ko ya mayar mini da wani ɓangare na kuɗina in na gyara taurarin da na ba shi. Tambayoyina uku bai taɓa ko ɗaya ba. Na sake rubutawa na ce ba sabon kwali nake nema ba, so nake a dakatar da sayarwa a gaya wa mutane. Aka maimaita mini amsar farko kusan kalma da kalma. Ga dukkan alamu a wurinsa wannan matsalar kaya ce da ya lalace a hanya, irin wadda ake rufewa da musanya, alhali ni maganar ran yaro nake yi.

Shagon intanet ɗin da ya ɗauki nauyin tallar ya mayar mini da kuɗina cikakke ba tare da jayayya ba. Sai dai a jerin dalilan mayar da kaya babu wurin da mutum zai zaɓa ya ce wannan abu haɗari ne. Akwai "ya lalace", akwai "bai yi kama da hoto ba". Sai da na nemi wakili na rubuta masa dogon bayani. Wannan gibi ne da hukumomi suka fara matsa wa manyan shagunan intanet a kansa. A Yulin 2024 CPSC ta yanke cewa Amazon yana da alhakin mai rarraba kaya a kan wasu kayayyaki masu haɗari sama da 400,000 da wasu 'yan kasuwa suka sayar ta rumbunansa. A Turai kuma sabuwar dokar lafiyar kaya da ta fara aiki a Disambar 2024 ta ɗora wa irin waɗannan shaguna nauyin sanar da masu saye kai tsaye in an janye abin da suka saya. Dama su ne ke da sunan kowa da lambar wayarsa, babu wanda ya fi su iya wannan aiki.

Ban hana kowa sayen tayil mai maganaɗisu ba, don ni ma na sake saya wa yaron wani, na kamfanin da ya sa sunansa da adireshinsa a kwali, ya kuma buga tambarinsa a jikin kowane tayil, da ƙusar ƙarfe a kusurwoyi. Kafin in biya na shiga shafin CPSC da na Safety Gate na Tarayyar Turai na rubuta sunan na duba ko an taɓa janye shi. Duka kyauta ne, kowa na iya shiga daga ko'ina, kuma suna sa hotuna, har mutum na iya gane kayan da ke gidansa ta kamanni. Kayan wasa na cikin rukunan da suka fi yawan fitowa a Safety Gate kusan kowace shekara. Sabon ma ba na sake masa: a kan tebur ake wasa da shi, lokacin da ƙaramar take barci ko tana hannu, kuma duk ƙarshen mako ina bin haɗin da farce ina murɗawa. Wanda ya tsage ko kaɗan, fita yake daga gidan, ba na liƙe shi da gam, don na san iyakar gam.

Wanda ya riga ya sayi irin nawa, shawarata ya kwashe shi yau, ya ɗaga kowane tayil a haske ya ƙirga maganaɗisun, ya tabbatar babu ramin da ke wofi, ya cire batiran ya naɗe kowanne da salatif ta fuska biyu kafin ya kai inda ake tara tsofaffin batir. Kada a ba wani kyauta, kada a sayar a gwanjo. Nawa na fasa su da kaina a shago, na tara maganaɗisun a kwalba mai murfi na kulle a durowar aiki.

Tallar da na saya ta cikinta an sauke ta bayan ƙorafin, kuma na yaba da hakan. Amma da na sake bincikawa a shagon, na ga kwali mai hotuna iri ɗaya, guda ɗari, fitila huɗu, mutum-mutumi biyu, a ƙarƙashin sunan wani mai sayarwa daban, sharhin masu saye ya fara daga sifili. Na tura wa wakilin shagon wannan ma, tare da hotunan farko.